Gobarar Feyzin ta 1966: ƙanƙara ce ta buɗe wa wuta ƙofa

Ranar 4 ga Janairun 1966, wajen ƙarfe 6:40 na safe, ma'aikata uku a matatar mai ta Feyzin da ke kudu da birnin Liyon a Faransa suka shiga ƙarƙashin wani ƙaton tankin gas ɗin furofan don su tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindinsa, sannan su ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Aiki ne da aka saba, ba wani sabon abu ba. Bayan kamar awa biyu tankin nan ya tsage ya yi bindiga, mutum 18 suka rasa rayukansu, 11 daga ciki 'yan kwana-kwana ne, sama da 80 kuma suka jikkata. Matatar ma sabuwa ce fil, a 1964 ta fara aiki, to ba maganar tsatsa ko tsufan ƙarfe ba ce balle a ce.

Duk wanda ya bi labarin nan daki-daki zai ga abu ɗaya ne yake ta dawowa da fuska daban-daban: in abu mai ruwa-ruwa zai koma tururi dole sai ya sha zafi, kuma daga duk abin da ke kusa da shi zai zuƙo zafin. Wannan ne ya daskarar da bawul, wato abin buɗe bututu da rufe shi, tun farko, shi ne ya kare rabin tankin daga wuta har mutane suka saki jiki, shi ne kuma ya bar ɗaya rabin ba mai kare shi.

Furofan dai shi ne ɗaya daga cikin gas ɗin da ake ɗurawa a silinda. Kowace ƙwayarsa kabon 3 ce da haidurojin 8, kuma cajin lantarkin jikinta a baje yake kusan daidai, ba wani gefe da ya fi wani, shi ya sa ƙwayoyin ba su da wani abin kirki da za su riƙe juna da shi sai wani ɗan ja mai rauni da ake kira jan London, sunan Fritz London da ya yi bayaninsa a 1930. Yadda abin yake, ilektiron ɗin ƙwaya ba sa zama wuri ɗaya, cikin ƙiftawar ido sai su ɗan karkata gefe guda, sai wannan karkatar ta ja na maƙwabciya su ma su karkata, sai a ɗan manne a saki, a manne a saki. Iya girman ƙwaya iya ƙarfin jan. Shi ya sa in ka jera furofan da 'yan gidansu, daga ƙaramar ƙwaya zuwa babba, za ka ga metan yana tafasa a digiri 162 ƙasa da sifiri, etan a 89 ƙasa da sifiri, furofan a 42 ƙasa da sifiri, butan dab da sifiri, fentan kuwa sai ya kai digiri 36. To kwatanta da ruwa, wanda nauyin ƙwayarsa 18 ne kacal, na furofan 44, amma ruwa sai ya kai 100 yake tafasa, saboda oksijin ɗinsa yana janye ilektiron zuwa gefensa ya bar haidurojin da ɗan caji, kowace ƙwaya tana iya ƙulla ɗaurin haidurojin da maƙwabta har huɗu. Ƙarama ce amma riƙonta ba na wasa ba ne.

Abu biyu ne suka fito daga nan da suka shafi Feyzin kai tsaye. Na farko, ruwa da furofan ba sa gauraya, ƙwayoyin ruwa sun fi son junansu, kuma da yake lita ɗaya ta furofan kusan rabin kilo ce kawai, duk ruwan da ya biyo shi daga wajen tacewa, har da ragowar ruwan soda da ake wanke shi da shi, can ƙasa yake taruwa. Dalilin tsiyayewar kenan. Na biyu, furofan ba ya zama ruwa-ruwa a yanayin da muke rayuwa sai an matse shi. A cikin rufaffen tanki wasu ƙwayoyin suna tserewa sama su zama tururi, wasu suna faɗowa su koma, har a kai inda masu fita da masu dawowa suka yi daidai, matsin da ke sama a lokacin shi ne matsin tururinsa, kuma zafi ne kaɗai ke yanke shi, ba yawan abin da ke ciki ba. A digiri sifiri ya kusa ninki 5 na matsin iskar duniya, a digiri 20 ya wuce ninki 8. Ko tankin a cike yake ko saura kwata, muddin akwai sauran ruwa-ruwan a ciki, matsin ɗaya ne.

A Feyzin tankuna takwas ne masu siffar ƙwallo a jere kan ƙafafun ƙarfe, huɗu na furofan kowanne kubik mita 1,200, huɗu na butan kowanne 2,000. Wanda abin ya faru a kansa na furofan ne kuma ya ɗan wuce rabi a ranar. A gindinsa akwai bututu mai faɗin inci 2 da bawul biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kusa da juna. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe na saman, wato na kusa da tanki, sannan a riƙa daidaita zubar da na ƙasan. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, bawul bawul ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Duk bawul ɗin da aka ɗan buɗe kaɗan, a nan ne matsi yake faɗuwa, daga ninki 5 zuwa 1 a ɗan taƙin da bai kai tsawon yatsa ba, furofan ɗin da ya ratsa ta wajen sai ya tsinci kansa a matsin da ya kamata a ce tun a digiri 42 ƙasa da sifiri ya tafasa, sai ya hau tafasa nan take, kowane kilo ɗaya da zai koma tururi yana buƙatar zafin da ya kai kilojul (ma'aunin yawan zafi) sama da 400, ba wuta a wajen balle ya samu, sai ya zuƙe daga jikinsa da jikin ƙarfen bawul ɗin har wajen ya doshi 42 ƙasa da sifirin nan. In da ɗigon ruwa a wajen, ya zama dutse. To hikimar ƙa'idar kenan, a bar sanyin ya sauka kan bawul na ƙasa, in ya ƙame ya ƙi rufuwa akwai na sama lafiya lau da za a rufe.

Ma'aikacin da ke buɗe bawul ɗin ya juya tsarin. Ya buɗe na ƙasa ya riƙa daidaitawa da na sama. Ɗan ruwa ya fito, sai kuma shiru, ba abin da ke zuba. Wani abu ya toshe hanyar, ƙanƙara ko haidiret.

Haidiret ɗin nan abin mamaki ne in ka tsaya ka duba shi. Ƙwayoyin ruwa ne suke amfani da ɗaurin haidurojin ɗinsu su gina wasu 'yan kejina, kowane babban keji ya rufe ƙwayar furofan ɗaya a ciki, ba wai sun haɗu sun zama sabon sinadari ba ne, a'a, tana ciki ne kawai a tsare kuma zamanta a ciki shi ke tokare kejin ya hana shi rushewa. A ido kamar ƙanƙara yake fari tas, amma ba ya jiran sifiri, in akwai matsi na furofan yana iya haɗuwa har wajen digiri 5 sama da sifiri. Tun 1934 wani masani a Amurka, Hammerschmidt, ya nuna cewa irin wannan ne ke toshe bututan gas a lokacin sanyi ba zallar ƙanƙara ba. Da safiyar hunturu a Faransa, ga ruwa ga furofan ga matsi a bututu ɗaya, duk abin da ake buƙata ya hallara.

Da ma'aikacin ya ga ba ya zuba sai ya ƙara buɗe na saman gaba ɗaya. Toshiyar ta ɓalle, furofan ya yo feshi da ƙarfin gaske ya watsu a jikinsa, kuma wannan ƙuna ce ta sanyi, ya ja da baya, mariƙin bawul ɗin ya zame ya faɗi, domin irin mariƙin nan ne da ake cirewa a mayar. Suka yi ta fama su mayar da shi abu ya gagara, na ƙasan ma ya daskare a buɗe. Shi kenan, tan ɗaruruwa na furofan a sama, ƙofa buɗe a ƙasa, ba wata hanyar rufewa daga nesa.

Lita ɗaya ta ruwan furofan tana ba da wajen lita 270 na gas, kuma kashi 2.1 cikin 100 kawai yake buƙatar ya kai a cikin iska ya kama wuta, in ka buga lissafin lita ɗayan nan ta isa ta mai da lita dubu 12 da wani abu na iska abin ƙonewa. Ga shi ya fi iska nauyi da kusan rabi, sanyin da ya fito da shi ya ƙara masa nauyi, saboda haka bai tashi sama ba, kwanciya ya yi yana malala a ƙasa, kaurinsa kamar mita ɗaya, ya bazu wajen mita 150 har ya tsallake katangar matatar. Farin hazon da ake gani a irin wannan yanayi ma ba furofan ɗin ba ne, shi ba shi da launi, laimar iska ce sanyi ya mayar 'yan ɗigo-ɗigo, kuma inda hazon ya ƙare ba lalle nan haɗarin ya ƙare ba. An tare babbar hanyar A7 da ke wucewa ta gefen matatar, amma wata ƙaramar hanya da ke kusa ba a rufe ta da wuri ba, wata mota ta shigo, wajen rabin awa da fara zubar gas ɗin ya kama, direban ya ƙone, wutar ta bi hazon a guje ta koma gindin tankin. Ƙasan wajen a shimfiɗe yake ba gangara, to duk abin da ya zubo nan ƙarƙashin tankin ya taru yana ci.

Yanzu tanki yana zaune kan wuta. Furofan na ciki ya fara ɗumi, matsin tururinsa yana hawa tare da zafin, har ya kai wajen ninki 20, bawul ɗin kariya da ke can ƙololuwa ya buɗe, gas ya fita da ƙara ya kama wuta, wani dogon harshe a sama. A nan ne fa aka yi karatun da ya kashe mutane. An ɗauka tunda bawul ɗin kariya ya buɗe matsi ba zai ƙara hawa ba, tankin ya tsira, bari a juya ruwa kan maƙwabtansa kar su kama. Gaskiya ni ban ga wautar 'yan kwana-kwanan nan ba, abin da kusan kowa ya yarda da shi kenan a lokacin, kuma rabin maganar daidai ne, matsin bai ƙara hawa ba. Ga kuma ƙarancin ruwa, don tsarin ruwan matatar bai iya ɗaukar dukkan tiyo da aka jona masa ba.

Abin da aka manta shi ne ƙarfen. Tukunya in da ruwa a ciki ko awa nawa ta yi kan wuta gindinta ba zai wuce zafin tafasar ruwan da wani abin a zo a gani ba, amma bari ruwan ya ƙone ka ga yadda za ta yi ja ta lanƙwashe. Haka bangon tankin da ke ƙasa da layin furofan, duk zafin da wuta ta ba shi furofan yana karɓa ya tafasa da shi, a matsin ninki 20 tafasar tana tsayawa ne a digiri 50 da 'yan kai, to ƙarfen wajen bai yi nisa da haka ba. Bangon da ke sama da layin kuwa tururi kawai yake taɓawa, shi kuma tururi ƙwayoyinsa a warwatse suke, ba ya kwashe zafi da sauri, kuma ba shi da wata tafasa da zai yi ya sha zafin, ya riga ya tafasa. Sai ƙarfen saman ya yi ta hawa, 300, 400, 500, in ƙarfen gini ya kai wajen 550 zuwa 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi. Shi kuwa bawul ɗin kariya an saita shi ne da lissafin ƙarfe mai sanyi, yana nan yana riƙe matsin a inda aka ce masa, bai san bangon da zai ɗauki matsin ya yi laushi ba. Abin takaicin ma, duk kilon da ya fitar ta sama da wanda ke zuba ta ƙasa suna ƙara saukar da layin furofan, busasshen bango yana ƙara faɗi, wato na'urar da aka sa don ta kare tankin tana cikin masu matso da lokacin fashewar.

Wajen ƙarfe 8:45, kamar awa ɗaya da rabi da kamawar wutar, bangon sama ya tsage.

Abin da ya biyo baya a cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya shi ake kira BLEVE, sunan da wasu injiniyoyi a Amurka suka sa a 1957, fashewar da ke zuwa in ruwa-ruwan da matsi ya hana tafasa ya samu sakin matsin a lokaci guda. Furofan ɗin yana digiri 50 da wani abu, matsi ya faɗo zuwa na iskar waje inda tafasarsa take 42 ƙasa da sifiri, ka ga ya wuce wurin tafasarsa da kusan digiri 100 kenan, kuma ba gindi kawai ko gefe ba, kowane ɗigo a cikin tankin. Zafin da ke ajiye a jikinsa, in ka lissafa da kilojul 2.5 a kowane kilo a kowane digiri, ya isa ya mai da kusan rabinsa tururi nan take ba tare da an ƙara masa komai ba, tururin kuma yana kumbura ya tarwatsa ragowar ya zama feshi, ya yage tankin, guntayen ƙarfe masu nauyin tan-tan suka tashi ɗaruruwan mita, feshin ya gauraya da iska ya zama dunƙulen wuta. Mutanen da ke tsaye kusa da tiyo a hannu su abin ya fara samu. Wutar nan ƙari ce kawai, fashewar kanta ba ta buƙatar abu mai kamawa, tukunyar tururin masana'anta da zallar ruwa a ciki tana yin irinta in bangonta ya tsage. A shekarun 1970 Robert Reid na jami'ar MIT da ke Amurka ya kawo bayanin cewa abin ya fi muni in zafin ya haura wata iyaka, ga furofan wajen digiri 53, inda kumfa ke ɓullowa a ko'ina cikin ruwan lokaci ɗaya ba sai ta jira bango ko datti ta fara a kai ba, duk da gwaje-gwajen baya sun nuna tanki yana iya yin bindiga ko bai kai nan ba. Na Feyzin dai yana dab da wajen.

Bayan wannan aka janye kowa, shi ya sa da tanki na biyu ya fashe daga baya bai ci rai ba. Ƙafafun tankunan ba a lulluɓe su da abin hana zafi ba, wasu suka lanƙwashe tankuna suka kife bututansu suka karye, a ƙarshe biyar cikin takwas ɗin suka tafi.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce laifin ma'aikacin ne tunda ya juya ƙa'ida, kuma eh ya juya. Amma ni in aka tambaye ni, tsarin da kuskuren mutum ɗaya da asuba cikin sanyi zai iya buɗe gindin tanki mai lita sama da miliyan ɗaya a rasa yadda za a rufe, tsarin ne ke da babbar matsalar. Bawul biyun suna manne da juna, sanyin ɗaya yana kama ɗayan, dukansu manya ne alhali ɗan ruwa kaɗan za a tsiyaye, bakin bututun a ƙarƙashin tankin yake zuba daidai inda mutum ke tsugune, mariƙi kuma abin cirewa. Kowanne cikin waɗannan a teburin zane aka yanke shi, tun kafin a ɗauki ma'aikacin aiki, kuma wanda ya zana ya san furofan a 42 ƙasa da sifiri yake tafasa, lambar tana cikin kowane littafi.

Gyare-gyaren da masana tsaron masana'antu irin su Trevor Kletz suka yi ta nanatawa bayan Feyzin duk daga nan suka fito. Bawul na biyu a layin tsiyaya ya zama ƙarami, kar ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci, a nisanta shi da na farko kamar mita ɗaya, bakin bututun ya fita daga ƙarƙashin tanki, a sa wani bawul da za a iya rufewa daga nesa, ƙasan wajen a yi masa gangara yadda abin da ya zube zai gangare can gefe ya ci wutarsa ba a gindin tanki ba. Ƙafafu da bangon a lulluɓe su, ruwan feshi kuma a kai shi saman tankin inda yake bushe, don can ne mai buƙata, ƙasan yana da mai kare shi. Sai kuma rage matsi da gangan, wanda na fi ganin hikimarsa: maimakon a jira bawul ɗin kariya ya riƙe matsi a sama, sai a buɗe hanya ta musamman a sauke shi, ƙa'idar API 521 ta cibiyar harkokin man fetur ta Amurka tana maganar saukewa zuwa rabin matsin da aka gina tankin a kai ko wajen ninki 7 cikin kamar minti 15, yadda ko ƙarfen ya yi laushi abin da ke tura shi daga ciki ya ragu, kuma saurin tafasar da sauke matsin ke jawowa yana sanyaya furofan ɗin, zafin da zai yi fashewa da shi ya ragu. Duk da haka a Nuwamban 1984 an sake ganin irinta a San Juanico kusa da birnin Meziko, tankuna suka yi ta fashewa ɗaya bayan ɗaya, mutum wajen 500 suka mutu, yawancinsu mazauna gidajen da aka gina dab da ma'ajiyar. A ƙasashen Turai da dama yanzu sababbin manyan tankunan gas irin wannan kwantar da su ake yi a binne su cikin tudun ƙasa da yashi, yadda harshen wuta ba zai samu bangon da zai lasa ba.